Ƙwaryar da Inna Gaji Ke Mayarwa Cikin Kula

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro kuma uban ƙungiyarmu, Alhaji Kanta, wanda tun da ya zauna nake ƙirga masa kofi, kuma in dai bai katse ni ba, ba zan faɗi adadin ba. Mai girma wakilin mai garin Kurgu. Babanmu Liman, Malam Saifullahi. Duba-garinmu Malam Albashir, wanda in ya yi sallama a ƙofar gida sai ka ji mata suna ta rufe tukwane. Iyayena mata da suka taso daga Bagudo tun da hantsi. 'Yan'uwana na Zagga. Masu masaukinmu mutanen Kurgu. Baƙinmu da suka ƙetaro iyaka daga ƙasar Benin a kan babura, bibbiyu da uku-uku. Da kuma mazajenmu da suka ce rakiya ce ta kawo su, alhali mu da su duk mun san ƙishirwa ce. Jama'a maza da mata, manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mashkura, mutuniyar Zagga, ni ce magatakardar Ƙungiyar Mata Masu Kunun Tsiro ta Bagudo da kewaye. Ni aka ɗora wa jagorancin kwamitin da aka ce ya je ya binciko, ya auno, ya dawo ya faɗa wa wanga taro abin da ya gani. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga mutanen Kurgu da suka kafa mana rumfa, suka jera mana kujeru, suka kore mana awaki. Ina godiya ta musamman ga manyan baƙinmu, waɗanda muka ajiye wa jarka uku a gabansu, ɗaya da jan zare a wuya, ɗaya da kore, ɗaya da fari, muka roƙe su su ɗanɗana su gaya mana wadda ta fi. Ɗanɗanawa muka ce, ranku ya daɗe, amma ba komai, mun ga an yi aikin da zuciya ɗaya.

Magana biyu ce ta tara mu. Ta farko, ƙungiya za ta zaɓi irin matatar da za mu riƙa sawa a gindin kula. Ta biyu kuma, za a kaɗa ƙuri'a a kan wata doka da aka rubuta, doka ta bakwai, wadda ta ce duk macen da ta tace kunu da ciyawa, ko ta shigo da wata al'ada ta ƙetare cikin sana'armu, a soke sunanta daga ƙungiya, a hana ta zama a rumfarmu ta kasuwa. Dokar ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ko jaririn goye ya san wa ake nufi. Ga ta can a gindin mangwaro, bayan rumfa, a kan tabarmarta, Inna Gaji ta Kurgu, wadda ta kafa ƙungiyar nan da mata biyar da randa biyu. An kai mata kujera ta ce ba ta zama. Kada kowa ya je ya lallashe ta tukuna, don ta gindaya sharaɗi, kuma sharaɗin a wuyana yake. Zan zo kansa in na gama tattaro ƙarfin hali.

Bari in fara da mazaje, waɗanda suka san kunu daga kofi zuwa maƙogwaro kawai. Shi kunun tsiro ba sukari ke kawo zaƙinsa ba. Ana jiƙa shinkafa ta tsira, a shanya ta, a haɗa da gero da dawa, a niƙa, a zuba ruwan zafi, a rufe. Tsiron nan shi ke narkar da ƙullun ya mayar da shi zaƙi, amma fa sai zafi ya zauna a jikinsa daga hantsi zuwa azahar. Da can randa muke lulluɓewa da tsofaffin barguna. Sai Allah Ya kawo mana kula, irin wadda ake zuba shinkafar biki, muka huda gindinta muka sa famfo. Kula ta riƙe zafi, barguna suka koma kan gado, mazaje suka yi murna. Abin da ya rage shi ne yadda ruwan zaƙin zai fito ta famfo ya bar dusa a ciki. A nan ne, jama'a, ƙungiyar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana cin tuwo a akushi ɗaya ta rabe gida uku.

Gida na farko, 'yan zane, shugabarsu ƙanwata Najiba ta Bagudo. Su suka ce a ɗinka babbar jaka, a shimfiɗa cikin kula, a zuba ƙullu a ciki, in an gama a ɗaga jakar ruwa ya tsiyaye. Dabara ce mai kyau, babu maƙeri babu mai gyaran famfo. Da Najiba ta tashi gwadawa, sai ta duba ɗakinta ta ga babu abin da ya kai gidan sauro ƙananan ido, ta sa almakashi. Allah Ya taimaki Bagudo, Malam Albashir ya shigo kafin kowa ya kurɓa, ya tuna mata cewa gidan sauron nan da magani aka jiƙa shi. Ta ce to, ta ji. Washegari ta sake duba ɗakin, sai idonta ya faɗa kan farin rawanin mai gidanta, wanda yake naɗawa Sallah-Sallah. Ba zan ce komai ba a kan wannan, tunda mai rawanin yana zaune a layi na biyu. Waɗanda suka yi sallar Idi kusa da shi dai sun ce ƙudan zuma sun raka shi har gida.

Amma ko da an sami yadin kirki, zane yana da nasa hali. Jakar da ta sha ƙullu mai zafi, mace ɗaya ba ta ɗaga ta, sai biyu, kuma sai sun yi shiri da juna. In an ɗaga, haƙuri ya ƙare a matse, in an matse gari ya biyo ruwa, kunu ya fito da kauri kamar za a shafe ɗaki da shi. Ku dubi hannun Najiba na hagu, tabon yana nan.

Gida na biyu, 'yan faranti, shugabarsu yayata Hamdiyya ta Zagga. Su suka ce a sami farantin ƙarfe, a huhhuda shi da ƙusa, a kife a gindin kula bisa bakin famfo, dusa ta zauna a sama, ruwa ya taru a ƙasa. Hamdiyya ba ta yi ƙyashi ba, cikin jeren ɗakinta ta ciro faranti, ta zauna da ƙusa da dutse wuni guda. Maƙwabta suka ɗauka maƙera ta buɗe. Sai da ta gama huda ɗari biyu da wani abu ta tuna farantinta zagayayye ne, kularta kuwa mai kusurwa huɗu ce. Dusa ta ga ƙofa huɗu a buɗe, me zai sa ta bi ta ramin ƙusa? Ta zagaya ta gefe, ta cika famfo, ta yi zamanta.

Gida na uku ba mace ke jagorantarsa ba, Ɗanliti ne mai gyaran famfo, wanda tun da ya huda mana kuloli ya ɗauki kansa ɗan ƙungiya, har yana zuwa taro. Shi ya zo da wani tiyo na saƙar ƙarfe, irin wanda ake ɗaura wa famfon gidajen zamani, ya zare robar ciki ya bar ragar, ya ɗaura a bakin famfo daga ciki. Ya ce wannan shi ake yayi a duniya, ya gani a waya. Abin gwanin kyau, yana ta ƙyalli. Abu ɗaya Ɗanliti ya manta, bai taɓa tsayawa ya kalli yadda matar Kabi ke riƙe muciya ba. Mu in muka sa muciya a abu, da nufin tuƙa tuwo muke sa ta. Juyi uku aka yi, tiyon duniya ya lotse kamar an taka kara.

To, kowane gida ya rantse nasa ne daidai. Aka daina gaisawa a bakin rijiya. Aka yi suna a Kende, 'yan zane suka zauna gabas, 'yan faranti suka zauna yamma, 'yan tiyo suka tsaya a tsakiya suna kallon waya. Abu ɗaya kaɗai gidajen uku suka haɗu a kai, shi ne dariyar Inna Gaji. Ita ba zane, ba faranti, ba tiyo. Jema take yankowa a fadama, ciyawar nan da ake saƙa faifai da ita, ta ɗaure dami kamar tsintsiya ƙarama, ta cusa a bakin famfo daga ciki. Sannan in ta buɗe famfo, ƙwaryar farko da ta biyu ba ta ajiye su, sai ta mayar da su cikin kula a hankali, bakinta yana motsi. Aka ce ƙazanta ce. Daga baya aka ce ai ba ƙazanta ba ce kaɗai, aurenta na fari a Segbana ta yi, can ƙetare, kusa da matan da ke dafa burkutu, a can ta koyo. Daga nan aka ce ƙwarya biyun nan rabon iskoki ne take ba su, motsin bakin kuwa kiran su take yi, shi ya sa a kasuwar Tsamiya mutane ke wuce jarkokinmu su je su yi layi a gabanta. Magana ta tashi daga baki ɗaya ta zama doka ta bakwai.

Da aka naɗa kwamiti, muka ce gani ya kori ji. Muka tara kula uku a gidana, muka kai haɗi ɗaya inji aka niƙa mana, muka raba uku. Azahar ta yi, muka buɗe famfo uku a lokaci guda, har ƙarshensu, don kowa na so nasa ya riga cika bokiti. Na zane ya kawo abin da ya kawo, fari fat da gari. Na faranti ya zubo rabin kofi ya yi shiru. Na tiyo ya ɗiga sau bakwai, mun ƙirga, shi ma ya yi shiru. Ɗanliti ya ce iska ce ta shiga, ya durƙusa ya kafa baki a famfo ya hura da iyakar ƙarfinsa. Famfo ya karɓi bashin iskar, ya yi ɗan tunani, ya biya shi da ƙullu mai zafi a gemu. Sau huɗu muka maimaita gwajin nan cikin sati biyu. Awakina sun yi ƙiba, ba mu sami kunun sayarwa ba.

A rana ta ƙarshe muna zaune mu uku, ni da Najiba da Hamdiyya, kowa ya yi tagumi. Hamdiyya ce ta fara cewa, "Ni dai tun da nake, ban taɓa jin an ce famfon Inna Gaji ya toshe ba." Da gari ya waye na hau babur ni kaɗai na nufo Kurgu, ban gaya wa kowa ba, na ja mayafi har hanci don kada a gane ni. Ina sauka wata mata ta ce, "Sannu da zuwa, magatakarda."

Na tarar da Inna a tsakar gida gaban turmi. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce, "Inna, wucewa nake yi na ce bari in leƙo." Ta ce, "Kurgu ba a wucewa ta cikinta, ɗiyata, sai dai a zo ta. Mi kunka toshe?" Na ce famfo. Ta ce, "Guda nawa?" Na ce biyu, na ukun kuma gari yake zubarwa. Ta yi dariya har sai da ta jingina taɓarya. Sannan ta ce in zauna in yi shiru, in shirun zai yiwu gare ni.

Ga abin da na gani, kuma ina roƙon 'yan'uwana mata su buɗe kunne, don wannan shi ne rahoton kwamiti na gaskiya. Abu na farko, Inna ba ta kai haɗinta inji. A turmi take ɓarza shi, ƙwaya ta fashe, ɓawo ya zauna da girmansa. Mu kuwa mun saba in mun je inji mu ce wa mai inji ya maimaita, ya yi laushi, don haka uwayenmu suka koya mana a tuwo da koko, kuma macen da garinta ya yi tsaki abin gori ce. Ashe laushin da muke alfahari da shi, shi ke zama taɓo a gindin kula. Abu na biyu, tana wanke buntun shinkafa tafi biyu ta zuba a ciki, wannan buntun da muke zubarwa a bayan gida, don ya buɗa wa ruwa hanya. Abu na uku, in ta juya sau ɗaya ta rufe, muciya ta gama aikinta, ba ta sake komawa. Kuma in za ta buɗe famfo, kaɗan take murɗawa, ruwa ya riƙa fitowa siriri kamar zaren saƙa. Na ce, "Inna, ai sai kasuwa ta tashi." Ta ce, "Naku da kunka buɗe duka, wace kasuwa ya ci?"

Sai aka zo kan ƙwarya. Ta farko ta fito da duhu, duk gari da tsaki. Ta ɗora ludayi a kife a saman ƙullun, ta riƙa zuba ƙwaryar a bayansa a hankali don kada ta tona dusar da ta kwanta. Bakinta ya fara motsi. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, na yi maza na karanta addu'ar tsarin da na iya. Sai na matsa kusa, na kasa kunne, don in ji sunan aljanin. Salatin Annabi take yi. Goma a ƙwaryar farko, goma a ta biyu. Da shi take auna hannunta don kada ta yi gaggawar zubawa. Ta tara ƙwarya ta uku, ta miƙo mini, ina ganin zanen gindin ƙwaryar ta cikin ruwan.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ku kuna tsammani ciyawa ka tace kunu, ko faranti, ko wancan abin Ɗanliti. Ba su ba ne. Su tokara ce kawai. Dusa ita ka tace ɗiyanta. Ki bar ta ta kwanta, ki mayar mata da na farko da ya fito da ƙazanta, ita za ta riƙe shi ta ba ki mai kyau." Na ce, to batun Segbana fa? Ta ce, "Gaskiya ne. Katanga ɗaya ta raba ni da mai burkutu, shekara shida, kuma mutuniyar kirki ce, ita ta karɓi haihuwata ta fari. Na ga yadda take tacewa, na ɗauko irin matatarta, na bar mata abin da take tacewa. Ke da kika sayo kularki a ƙetare, kin tambayi abin da mai ita ke sha?"

Ban tsaya nan ba, don kada a ce magatakarda ta yanke hukunci da son rai. Na kai maganar gaban Malam Liman, na kai masa da kofi. Ya saurara, ya sha, ya tambaya ko ana barinsa ya kwana biyu ya yi tsami. Na ce a'a, ana tacewa ake tafasa shi da citta da kanumfari, a sayar a ranar. Ya ce to shi bai ga laifin ciyawar da Allah Ya tsirar a fadama ba, amma don ya tabbatar, a ƙaro masa. Na kai wa Malam Albashir damin jemar. Ya juya ta, ya shinshina, ya ji cewa Inna da tafasasshen ruwa take wanke ta, kuma kullum sabuwa take yankowa ta jefar da ta jiya. Ya ce in don tsafta ne, ta fi wani zanen tata da ya sani a Bagudo wanda ya yi kwana arba'in bai ga sabulu ba. Bai faɗi suna ba, ni ma ba zan faɗa ba, mai shi ta sunkuyar da kai.

Yanzu mu dawo kan jarkokin da ke gaban manyan baƙi. Kowane gida ya ba kwamiti aron kayansa. Mai jan zare da zanen Najiba aka tace ta, mai kore da farantin Hamdiyya, mai fari da tiyon Ɗanliti. Tun ɗazu ina jin Alhaji Kanta yana rantsuwa ja ta fi zaƙi, Malam Liman ya ce kore ta fi garɗi, wakilin mai gari ya ce shi fara ce ta kwanta masa, har an fara ɗaga murya. Ina kuma ganin shugabannin gidaje uku kowa tana hura hanci, don nata ya fito garau. Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri da ni. Haɗi ɗaya ne, turmi ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Yau ɗin nan a gidan Inna Gaji aka yi su duka ukun, ita ta ɓarza, ita ta murɗa famfo, ita ta mayar da ƙwarya bibbiyu da salatinta. Zanen bai ga matsa ba, farantin an sa shi cikin kula zagayayya, tiyon kuwa an nisanta shi da muciya. In da iskoki a cikin kunun nan, to Alhaji ya sha rabonsu kofi biyar. Na ce ba zan faɗa ba, amma ai ka katse ni sau ɗaya da tari.

Saboda haka ga shawarar kwamiti a kan magana ta farko. Mai kula zagayayya ta sa faranti, ta tsaga tsohon tiyon roba ta zagaye bakinsa don ya kama jikin kula. Mai kula mai kusurwa ta sa ragar Ɗanliti, ta rataye muciya nesa. Mai yin kaɗan don gida ta yi da zane, amma na kasuwa, ba na kan mai gida ba, kuma kada ta matse. Wadda ke kusa da fadama ta yanko jema, babu wanda ya isa ya hana ta. Amma kowace ce, ta ɓarza kada ta niƙa, ta sa buntu, ta buɗe famfo kaɗan, ta mayar da ƙwarya biyu. Kun aike mu mu zaɓo muku ƙarfe ko yadi, mun dawo mun tarar abin da muke nema yana zaune a gindin mangwaro.

Saura magana ta biyu, kuma a nan dariyata ta ƙare. Ranar da na roƙi Inna ta yi mana kunun taron nan, ta ce za ta yi, don ba ta iya ganin baƙi su zo Kurgu su sha taɓo. Amma ta ce, "Ba ni shiga rumfarku sai wadda ta fara cewa ina tsafi ta faɗa da bakinta, a lasifika, gaban Liman. Ba ni son a kawo mini ita gida da dare ko da rana tana kuka. Inda anka ɓata ni, nan za a wanke ni." Na ce, "Inna, in ba a san ta ba fa?" Ta dube ni ta ce, "An san ta."

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Liman, ka shaida. Alhaji, ka shaida. Mutanen Kurgu, ku shaida. Ni ce. Ni Mashkura na fara faɗar maganar nan, a wajen sunan Kende, ina raba goro. Ni na ƙara mata gishiri a bakin rijiya, kuma da hannun nan nawa na rubuta doka ta bakwai, na kawo ta taro na ce wasu ne suka ba ni. Ban ga tsafi ba, ban ji tsafi ba. Abin da na gani shi ne layi a gaban jarkarta, tawa kuwa ƙuda ne kaɗai ke ziyarta. Hassada ce, ba ta da wani suna. Kuma matar nan ita ta fara damƙa mini ludayi a hannu shekarar da mijina ya kwanta ciwo, lokacin da ba ni da abin da zan ɗora a wuta, ta zaunar da ni gefenta a kasuwa tana turo mini masu saye. Na kira mai salati matsafiya. Ina jin kunya, kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma na fi son in ji ta yau a gabanku da in ji ta gobe a inda babu mai ceto.

Inna, abin da ya fara fitowa daga bakina a kanki ya fito da ƙazanta. Ga shi na mayar da shi inda ya fito, a hankali, gaban kowa, yadda kika koya mini. Ki yafe mini don Allah.

Mai girma shugaban taro, ina neman izini a kaɗa ƙuri'a yanzu. Duk 'yar ƙungiyar da ta yarda a soke doka ta bakwai, a yaga takardar, ta ɗaga kofinta sama. Najiba, na gani. Hamdiyya, na gani. Bagudo, Zagga, Kende, Kurgu. Ɗanliti, kai ba ɗan ƙungiya ba ne, amma bar shi a sama. Alhaji, kofi ɗaya ya isa. Ban ga hannun da ke ƙasa ba.

To, ga ta can ta miƙe. Tana naɗe tabarma. Ku buɗa mata hanya, jama'a. Najiba, karɓi tabarmar. Kada a kawo mata kujerar baya, ga tawa nan kusa da shugaban taro, ni na saba da tsayuwa, kuma yau tsayuwar ta dace da ni. Sannu, Inna. Sannu da zuwa rumfarki.

Allah Ya saka wa Inna Gaji da alheri, Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, Ya bar mana ita har mu iya abin da ta iya. Allah Ya haɗa kan ƙungiyar nan, Ya raba mu da hassada, Ya tsare harsunanmu daga abin da idanunmu ba su gani ba. Allah Ya albarkaci fadamunmu da gonakinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu da ta maƙwabtanmu lafiya. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, na kusa da na ƙetare, masu babura su bi a hankali, don cikin da ya cika da kunu ba ya son rami. Abin da ya rage a jarka mai jan zare kuma, Alhaji, a zuba wa Inna, tun safe take aikinsa ba ta kurɓa ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.